KUƊIN JINYAR HAƘORI: INDA TSADAR TAKE FITOWA DA HANYOYIN RAGE TA

Legas: Daga cikin kuɗaɗen da kan faɗo wa magidanci ba shiri a Nijeriya, kaɗan ne suka kai kuɗin jinyar haƙori saurin ninkawa. Kogon da za a iya cike shi yau a zama ɗaya, idan aka yi biris da shi shekara guda ko biyu, yakan rikiɗe ya zama aikin zama uku ko huɗu mai cin kuɗi ninkin-ba-ninkin, ko kuma ya ƙare da asarar haƙorin ɗungurungum. Ga ɗan kasuwa kuwa, wanda babu mai biyansa ladan ranar da bai buɗe rumfa ba, hasarar biyu ce: ga kuɗin likita, ga cinikin da ya wuce shi.

Tushen tsadar abu biyu ne da ke tafiya tare. Na farko shi ne jinkiri, domin yawancin jama'a ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai barci ya gagara. Na biyu shi ne yadda ake biyan kuɗin, wato mutum ɗaya ya zaro su daga aljihunsa a lokaci ɗaya. Duk wata dabara ta rage tsadar, daga inshora zuwa asusun ƙungiya, tana ƙoƙarin warware ɗayan waɗannan biyu ne.

GIRMAN AL'AMARIN

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3.5, wato kimanin kashi 45 cikin 100 na al'ummar duniya, suna fama da cututtukan baki da haƙora, kuma uku daga cikin kowane huɗu suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin arziki. Rahoton ya ƙiyasta abin da duniya ke kashewa kan jinyar waɗannan cututtuka a kan dalar Amurka biliyan 387 a shekara, baya ga hasarar aiki da ta kai kimanin dala biliyan 323. Ma'ana, abin da ake rasawa saboda ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya kasa fita nema ya kusa kamo abin da ake biyan likitoci.

A nan gida, fiye da kashi 70 cikin 100 na dukkan kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin gwamnatin tarayya ya daɗe yana kewayen kashi 4 zuwa 6. Daga cikin wannan ɗan kason, abin da ke isa sashen haƙori bai taka kara ya karya ba, duk da cewa ƙasar ta ƙaddamar da manufarta ta kula da lafiyar baki tun a shekarar 2012.

ABIN DA KE SA AIKIN HAƘORI TSADA

Ɗakin likitan haƙori ya fi kama da ƙaramar masana'anta fiye da ɗakin duba marasa lafiya. Likitan zazzaɓi zai iya aiki da ma'aunin zafi da alƙalami, amma likitan haƙori ba zai fara komai ba sai da kujera ta musamman mai aiki da lantarki, da injin iska mai tura na'urar fafe kogo, da na'urar ɗaukar hoton haƙori, da tukunyar turara kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta. Kusan dukkan waɗannan, haɗe da kayan ciko da allurar kashe zafi da ƙarafan dashe, daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma da kuɗin waje ake sayensu.

Saboda haka farashin aikin haƙori yana bin darajar Naira sau da ƙafa. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin Naira 460. Bayan da aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Duk asibitin da kayansa suka ƙare a wannan tsakani, ya sake sayo su da kuɗin da ya fi na da yawa. Har ila yau, janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin tayar da janareto, sannan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan sassauta. A ƙarshen wannan shekarar hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Hatta kayan tsabtace baki ba su tsira ba. A shekarar 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, wanda ya daɗe yana sayar da man goge baki na Macleans da Sensodyne, ya ba da sanarwar rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya, kamfanin Procter & Gamble mai Oral-B kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar ya koma shigowa da su.

Bugu da ƙari, akwai ƙarancin ma'aikata. Tun a shekarar 1966 aka fara horar da likitocin haƙori a Jami'ar Legas, daga baya jami'o'in Badun, Ife, Binin, Inugu, Fatakwal, Maiduguri da Bayero ta Kano suka biyo baya. Duk da haka likitocin haƙorin da ke ƙasar 'yan dubbai ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, yawancinsu sun taru a Legas da Abuja da manyan birane, wasu da dama kuma suna ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa ga farashi idan haja ta yi kaɗan masu nema suka yi yawa.

MATAKAN CIWO, MATAKAN KUƊI

Domin a gane inda kuɗin ke tafiya, wajibi ne a san yadda haƙori ke lalacewa. Babban mutum yana da haƙora 32, kowanne da ɓawo mai tauri a waje, da sashe mai ɗan taushi a ƙarƙashinsa, sannan jijiya da hanyoyin jini a tsakiya. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale a haƙora su fitar da ruwa mai tsami, wannan tsamin shi ke cin ɓawon sannu a hankali. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, ko da yake an daɗe ana faɗar haka.

A mataki na farko, lokacin da lalacewar ke kan ɓawo, mutum ba ya jin komai. Likita ne kaɗai zai gane ta, kuma maganinta wanki ne da shafa sinadarin fuloraid, ko ɗan ƙaramin ciko. Wannan shi ne aiki mafi araha a ɗakin likitan haƙori.

A mataki na biyu kogo ya faɗaɗa, haƙori ya fara tsami idan an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. Har yanzu ciko ya wadatar, a zama ɗaya.

A mataki na uku ruɓewar ta kai ga jijiya. A nan ne ciwon kan hana barci, a nan ne kuma akasarin mutane ke fara neman likita. Zaɓi biyu ne ya rage. Ko dai a ceci haƙorin ta hanyar kwashe jijiyar a wanke ramin a toshe shi, aikin da kan ɗauki zama biyu ko uku da hotuna, sannan galibi a ɗora masa hula da ake ƙerawa a ɗakin gwaji, ko kuma a cire shi. Aikin jijiya da hula yakan ninka kuɗin ciko sau da yawa.

Cirewa tana da araha a ranar da aka yi ta, shi ya sa da yawa ke zaɓarta. Sai dai giɓin da ta bari yana da nasa lissafin. Haƙoran da ke maƙwabtaka da wurin sukan karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe guda. Mai son cike giɓin zai sayi haƙorin roba da ake cirewa a mayar, ko a yi masa gada da ke rataye a haƙoran gefe, ko a dasa masa ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kai. Dashen shi ne mafi tsada a duk ayyukan haƙori na yau da kullum, kuma a asibitoci masu zaman kansu kuɗin haƙori ɗaya yakan ninka mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar Naira 70,000 a shekarar 2024, har sau da dama.

Akwai kuma mataki na huɗu, inda ruɓar ta taru ta yi ƙurji, fuska ta kumbura. Idan kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa zai iya toshe hanyar numfashi, a nan magana ta koma ta kwanciya asibiti da tiyata da ceton rai. Masu ciwon sukari sun fi kowa shiga wannan hatsari.

Alal misali, a ɗauka mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 yana samun ribar Naira 20,000 a rana. Idan ciwon haƙori ya kwantar da shi kwana biyar, ya yi asarar Naira 100,000 tun kafin ya biya likita ko kwabo, ban da kayan da suka ruɓe a rumfa da abokan cinikin da suka koma wurin maƙwabci.

ARAHA BA TA ADO

Tsadar asibiti ce ke tura jama'a wurin masu cire haƙori a tasha da bakin kasuwa, da masu sayar da ruwan ɗigawa a kogo. Man kanumfari da ƙwayoyin kashe zafi sukan lafar da ciwo na ɗan lokaci, amma ruɓar tana nan tana ci. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi yana ƙona naman wurin, ɗiga ruwan batir kuwa yana iya lalata baki baki ɗaya. Wani lokaci ciwon yakan ɗauke da kansa, mutum ya zaci ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, ƙurji kuma yana tafe.

Mai cire haƙori a kasuwa ba shi da hoton da zai nuna masa yadda saiwar take, saboda haka sau da yawa yakan karya haƙorin ya bar guntu a ciki, wanda fitar da shi sai da tiyata. Ba shi kuma da tukunyar turara kayan aiki, ga shi ciwon hanta da ƙanjamau suna yaɗuwa ta ƙarfen da ya taɓa jinin wani. Jinyar ciwon hanta ta shekara da shekaru ta fi ƙarfin duk rarar da aka samu a ranar. Doka ta ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya alhakin yi wa likitoci rajista, kuma majinyaci yana da 'yancin ya nemi ganin lasisin wanda zai sa masa ƙarfe a baki.

ABIN DA INSHORA KE BIYA DA WANDA BA TA BIYA

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, ya kuma fara aiki a 2005. Bisa tsarinsa na asali, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 10 cikin 100 na tsurar albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, inshorar ta ɗauki ma'aikacin da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, majinyaci kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshorar lafiya ga kowa. Abin da ya kamata masu kamfanoni da shaguna su lura da shi shi ne, dokar ta shafi duk mai ɗaukar aiki da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. Duk da wannan wajabci, zuwa shekarar 2024 waɗanda ke cikin inshora ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba.

Ta fuskar haƙori, shirin ƙasa yana biyan ganin likita, da maganin ciwo, da ciko, da cire haƙori. Hula da gada da dashe da aikin ƙara hasken haƙora suna cikin abubuwan da aka ware cewa ba a biya. Wannan rabe-rabe yana da ma'ana ga mai lissafi: inshorar tana ɗauke nauyin matakan farko masu araha, ta bar wa majinyaci matakan ƙarshe masu tsada. Mai katin inshora da ya jira sai jijiya ta ruɓe ya yi wa kansa hasara sau biyu, domin ya biya kuɗin inshora bai more ta ba, ga kuma kuɗin hula daga aljihunsa.

Ga masu sana'ar kansu, waɗanda babu albashin da za a cira, hukumar ta ɓullo da shirin GIFSHIP a shekarar 2020, inda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su biya kuɗin shekara guda. A lokacin ƙaddamarwa ƙungiyar mutum goma zuwa sama tana biyan Naira 15,000 a kan kowane mutum, daga baya kuma an ƙara kuɗin. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar shirin Ilera Eko na Legas, da na Oyo, Delta, Anambra, Kano da Kaduna, kuma zama a jiha ne ake dubawa wajen shiga.

Kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu su ma suna sayar da tsare-tsare iri-iri, galibinsu da ƙayyadadden adadin da za a kashe kan haƙori a shekara. Kafin a sa hannu ya kamata a nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Waɗanne ayyukan haƙori ne ke ciki? Nawa ne iyakar abin da za a biya a shekara? Wata nawa za a jira bayan rajista kafin a fara cin moriyar sashen haƙori? Kuma ko katin yana aiki a wata jiha? Tambaya ta ƙarshe ta fi shafar fataken shanu da goro da hatsi, waɗanda rabin shekararsu a kan hanya take ƙarewa tsakanin Arewa da Kudu, iyalansu kuma sau da yawa suna can gida.

ASUSUN ƘUNGIYA

'Yan kasuwar Arewa mazauna Kudu suna da abin da ma'aikacin ofis ba shi da shi, wato tsayayyun ƙungiyoyi. A Agege da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri, da kasuwar shanu ta Lokpanta, kowace sana'a tana da shugabanni da ma'aji da kuɗin wata, kuma an saba da karo-karo idan ɗan'uwa ya kwanta ko ya rasu. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan karo-karo na bayan aukuwar lalura ya zama tanadi na gabaninta.

A nan akwai bambanci tsakanin adashi da asusun lafiya. A adashi kowa yana kwasar daidai abin da ya zuba, saboda haka idan ciwo ya zo kafin kwasarsa ta zo, ko kuɗin jinya ya fi ƙarfin kwasar, adashin bai fisshe shi ba. A asusun lafiya kowa yana zubawa, amma mai lalura ne kaɗai ke ɗauka, ribar sauran ita ce kwanciyar hankali cewa ranar tasu lalurar ba za su taɓa jari ba.

A ɗauka ƙungiya tana da mutum 300, kowanne yana zuba Naira 1,500 a wata. Za a tara Naira 450,000 a wata, wato Naira miliyan 5.4 a shekara. Da wannan kuɗi a hannu ƙungiyar tana da hanya biyu. Za ta iya sayen inshora a ƙungiyance, wadda ta fi ta ɗaiɗaiku sauƙi, ko kuma ta zauna da asibiti ɗaya ko biyu ta yi cinikin sari, kamar yadda ake yi a kan kowace haja. Asibitin da aka ba tabbacin mutum 300 za su zo dubawa da wanki a shekara, kuma za a biya shi a kan kari, yana da dalilin rage farashi.

Irin wannan asusu ba ya ɗorewa sai da ƙa'idoji. Sabon shiga ya jira wata uku kafin ya fara amfana, don kada mutane su riƙa shiga ranar da ciwo ya kama su kawai. A sa iyakar abin da mutum ɗaya zai ci a shekara. A biya asibiti kai tsaye ta banki maimakon a damƙa wa majinyaci kuɗi. A karanta lissafi a gaban taro duk wata uku. Mafi muhimmanci, a sa sharaɗin cewa wanda bai je dubawar shekara ba, asusu ba zai ɗauki dukkan kuɗin babban aikinsa ba, domin wannan sharaɗi shi ne ke hana asusun karyewa.

Ga masu ɗari-ɗari da inshora saboda dalilin addini, akwai tsarin takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya da rabon rarar da ta saura. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful kuma suka samu lasisi bayan haka. Attajirai ma suna da ƙofar waƙafi da bashi marar ruwa, waɗanda za a iya keɓe su ga jinyar yaran gida da 'yan dako da almajirai.

DABARUN RAGE KUƊI GA MUTUM ƊAYA

Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati sun fi masu zaman kansu sauƙin kuɗi, ko da yake akwai jira da yawan dawowa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba ne, a tsakiyar unguwar Hausawa, na Badun kuma ba shi da nisa da Sabo. A irin waɗannan wurare ɗaliban ajin ƙarshe suna yin wasu ayyuka a ƙarƙashin idon malamansu. Wankin haƙori kuma ba lalle sai likita ba, domin akwai ma'aikatan da aka horar musamman don wannan aiki, masu rajista da tasu hukumar.

Kafin a fara kowane babban aiki, majinyaci ya nemi a rubuta masa dukkan abin da za a yi da kuɗin kowane ɗaya, ya kuma tambayi wanne ne na gaggawa, wanne zai iya jira. Likita zai iya tsayar da ruɓa da cikon wucin gadi yau, a yi hula bayan an sayar da kaya. Asibitoci da dama suna karɓar biya kashi-kashi a aikin da ke ɗaukar zama da yawa, idan an yi maganar tun da farko. In kuɗin da aka yanka ya yi yawa, jin ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne. Ya kuma dace a tambayi irin cikon da za a yi. Cikon azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce, ya daɗe yana zama mafi araha da ƙarko, amma duniya tana janye jiki daga gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga watan Janairu na 2025.

Abin lura a nan shi ne, al'ummar da ta saba da haƙorin Makka ta san cewa ana kashe kuɗi a kan haƙori don ado. Kaɗan daga cikin abin da alhaji ko hajiya kan biya don haƙorin zinariya zai isa a duba bakin 'ya'yan gidan gaba ɗaya.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Babu ƙasar da ta sami wannan al'amari da sauƙi. Ingila ta fara jinya kyauta ga kowa a 1948, amma kuɗin haƙoran roba ya yi wa baitulmali nauyi har aka sa musu caji a 1951, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa tsarin, ya ajiye muƙaminsa na minista. Ƙasashen da suka ci nasara da kuɗi kaɗan sun yi haka ne ta hanyar kai aikin haƙori na farko cikin ƙananan asibitocin unguwa. Tailan ta sa shi cikin shirinta na lafiya ga kowa na 2002, Barazil ta ƙaddamar da babban shirin lafiyar baki a 2004, inshorar Ghana da aka kafa da dokar 2003 ita ma tana biyan cirewa da ƙananan ciko.

Akwai dabarun da suka dace da ƙasar da wuta ba ta tsayawa. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanya a Tanzaniya ta kankare ruɓa da ƙaramin ƙarfen hannu a cike kogon da wani siminti na musamman, ba tare da injin ko lantarki ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake shafawa ya tsayar da ruɓa, cikin jerin muhimman magungunanta. Nijeriya tana da hanyar biyan irin wannan aiki, domin dokar lafiya ta 2014 ta ware akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar kuɗi ta 2021 kuma ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, amma ba a keɓe abin da ake tarawa ga lafiya ba. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2024, na ɗauke haraji daga kayan da masana'antun magunguna ke shigowa da su, ya fi amfanar masu sarrafawa a gida, alhali kayan haƙori a ƙere suke shigowa. A nan akwai giɓi a kasuwa ga masu jarin da za su iya ƙera buroshi da safar hannu da sauran ƙananan kaya a cikin ƙasa.

Mafi munin sakamakon rashin kula da baki ana ganinsa a wata cuta da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa daga gyambon dasashi ta cinye fuskar yaran da ke fama da tamowa. A farkonta tsabtar baki da abinci mai gina jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa su tsayar da ita, amma wanda ya tsira bayan ta yi nisa sai an yi masa tiyata sau da yawa. Asibitin da aka kafa don ita a Sakkwato a 1999 yana yin aikin kyauta, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023.

JARI MAFI ƘANƘANTA

Daga ƙarshe, kuɗin da ya fi kowanne riba shi ne na rigakafi. A goge baki sau biyu a rana, musamman kafin kwanciya, da man da ke ɗauke da fuloraid. Aswaki yana kankare datti sosai idan an iya shi, haɗa shi da man fuloraid kuma ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, ga shi kuwa gwangwani ɗaya na lemo yana iya ɗauke da kusan cokali 10. Yawan kurɓar shayi mai zaƙi daga safe zuwa dare a bakin rumfa ya fi shan sa a zama ɗaya illa, domin kowace kurɓa tana sabunta tsamin da ke cin haƙori.

Ɗan kasuwar da ke ware kuɗin juyen man motarsa duk wata, ba don ta lalace ba, ya riga ya san wannan lissafi. Abin da ake bukata shi ne dubawar haƙori sau ɗaya a shekara, tasa da ta iyalinsa da ta yaran shagonsa, ta shiga cikin littafin kashe-kashen kasuwanci, a kuma biya ta daga asusun da aka tara tun ana lafiya.